Injin da Ya Haɗiye Katin Auta

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki gaida mini Yaya, mahaifiyarki, ki ce mata ɗan baffanta ya sauka lafiya, jirgin da ta yi ta tsorata ni da shi bai faɗo ba. Matata Innarki ce dai ta yi ta salati tun daga tashi har sauka, ta damƙe mini hannun riga har ɗinkin ya fara saki.

Wayata ta ƙi aiki a ƙasar nan. Shi ya sa na koma biro da takarda. Matar da ke kula da masaukinmu za ta ɗauki hoton wasiƙar ta turo miki, in kin amsa kuma ta buga mini a takarda ta ajiye a kantar masaukin. Ɗakinmu a sama yake, gado biyu, taga tana kallon bayan wani gidan wanki. Na tarar famfon banɗaki yana ɗiga, kafin Innarki ta gama kwance jaka na gyara musu shi kyauta.

Mun ga likita. Ya ce yanar ta rufe idanun Innarki duka biyu, amma da na dama za a fara. Ya ba mu rana a ƙarshen mako mai zuwa, za a biya kuɗin aikin a kantar asibiti da safiyar ranar. Sun ja mini kunne cewa likitan baƙo ne, jefi-jefi yake zuwa, wanda ya rasa ranarsa sai wani zuwan.

A hanyar asibiti akwai wani shagon kayan aiki. Auta, sifanu ne jere a bango kamar haƙoran mataji, daga mai kamar tsinken sakace har wanda sai da hannu biyu. Na tsaya ina kallo har yawuna ya tsinke, sai da Innarki ta ce ko dai ni ma a duba mini ido.

Maganar katunan bankinki kuwa, na riƙe karatun. Shuɗin shi ne na asusun da dangi suka zuba gudummawa, da shi ake cire kuɗin abinci da mota da masauki. Baƙin na bashi ne, na asibiti kaɗai, a miƙa shi a kantarsu, kada a kai shi bakin inji. Kin nanata mini kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya, kin manta da wa kike magana. Mutumin da ake kira Likitan Janareta ba a koya masa danna maɓalli. Injinan cire kuɗi na ƙasar nan dai ba su da tarbiyya, amma wannan labarin wata rana ne. Kada ki damu, ba ma kwana da yunwa.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna da jiki. Allah ya ba ta lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a. Mu duk lafiya lau, sai ƙaramin da ke haƙori ya hana kowa sakat. Mama ta sa na karanta mata wasiƙarka har sau biyu, ta ce dama ta sani, ko gidan sarki aka sauke ka sai ka nemo famfon da ke ɗiga.

Daga wurin aiki nake rubuto maka, kwalaben jinin mutane na jirana a kan tebur, don haka zan taƙaita. Kawu, ka san duk abin da aka yi da katunan nan banki na turo mini saƙo. Tun da kuka sauka shuɗin kati bai yi motsi ba. Baƙin kuma kusan kullum sai na ga an ciri kuɗi da shi a inji, kaɗan-kaɗan.

Wataƙila launin ne ya rikice maka, ba wani abu ba ne. Amma baƙin nan duk lokacin da ya shiga inji ana cajinsa, injin can ya yanki nasa, bankin nan ya yanki nasa, kuɗin ruwa kuma ya fara hawa tun daga ranar. Ga shi yana da iyakar da ba ya wucewa, in aka ci gaba da gutsurarsa abin da ya rage ba zai kai kuɗin aikin Inna ba.

Don Allah ka duba aljihunka ka tabbatar duka biyun suna hannunka, ka rubuto mini ko layi ɗaya ne. Sifanun nan kuma ka bar su a bangonsu, in kun dawo ni da kaina zan saya maka.

'Yarka, Auta.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru.

Na kira masaukin. Matar ta ce tana ganin wucewarku safe da yamma, ta kuma ce wasiƙata tana nan a kanta ba a ɗauka ba. Harshenmu bai haɗu sosai ba, ban san ko na fahimce ta daidai ba. A halin nan saƙon banki bai fasa shigowa ba, jiya ma an cira, yau ma an cira.

Ni dai ban san me zan ɗauka ba. In an sace katin ne, to ɓarawo ne ke cin kuɗin idon Inna ni ina zaune ina kallo. In kuma yana hannunka ne, Kawu, ban san me ake saya kullum da ba za a iya gaya mini ba. Kuɗin nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Gwaggo ta sayar da keken ɗinkinta ta zuba, kai ma ka sani, kuma ni za su tambaya.

Ban taɓa yi maka magana haka ba, ka yafe mini. Idan ban ji daga gare ka ba zuwa jibi, zan sa banki ya rufe baƙin katin. Kuɗin aikin sai ka biya da shuɗin, akwai abin da zai isa a ciki, ni kuma in san yadda zan yi da sauran. Ka karanta wannan da kyau: ranar aiki shuɗin za ka miƙa.

Auta.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Ina gaishe ki. Lafiyar jiki muna da ita. Ba a yi wa Innarki aiki ba, kuma ni na jawo. Ki zauna ki karanta har ƙarshe kafin ki kira kowa.

Shuɗin kati ba ya hannuna. Tun washegarin saukarmu inji ya haɗiye shi, kafin ma in rubuta miki waccan wasiƙa mai cika baki.

Kin tuna ranar da kika kawo mini katunan gida? Kika karanta mini lambar sirrin shuɗin, kika ɗauko takarda za ki rubuta, na ce ki mayar da takardarki. Muka je inji kika nuna mini, na danna sau ɗaya na ce miki hannuna ya ɗauka. Gaskiya na faɗa, hannuna ne ya ɗauka, kaina bai ɗauki komai ba. Haka na saba a wurin aiki, ina kwance inji ido a rufe, yatsuna sun san inda kowane noti yake. Lambar taki ma hanyarta na riƙe: sama, sama, ƙasa, tsakiya. Ban taɓa tsayawa na kalli ko waɗanne lambobi ne ke ƙarƙashin yatsan ba.

Injin yana jikin bango kusa da wani kantin magani. Innarki na riƙe da hannun rigata, mutane sun yi layi a bayanmu. Na sa kati, yatsana ya bi hanyarsa, injin ya ƙi. Na ce a raina inji ne ya yi sanyi. Na sake, ya ƙi. Wani a baya ya yi gyaran murya. Da mai hankali ne, da a nan ya zare katinsa ya koma gefe. Ni kuwa Likitan Janareta, sai na danna da ƙarfi, yadda nake wa maɓallin da ya yi tsatsa. Injin ya yi wani ɗan kuka ya rubuto abin da ban iya karantawa ba, kati bai fito ba. Innarki ta ce, "An samu?" Na ce mata injin ba kuɗi a ciki.

Kashegari na bar ta a ɗaki na je bankin da ke da injin. Suka nemo katin, suka karɓi fasfona, suka ga sunan mace a ɗaya, sunan namiji a ɗaya. Ma'aikacin ya kalle ni daga hula har takalmi, ya kira wani ya zo shi ma ya kalle ni. Da furfurata, Auta, aka yi mini kallon ɓarawo. Suka ce mai katin kaɗai za su ba, in ba ta zo ba za su yanka shi. Na karɓi fasfona na fito ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ɗan canjin da na zo da shi ya ƙare, ga abinci, ga kuɗin mota, ga maganin ɗigawa da likita ya rubuta. Sai na ɗauko baƙin. Shi sabo ne, ni kika sa na zaɓi lambarsa, shekarar da na buɗe shagona ce, wannan kam a kai take. Da na sunkuya ina neman lambobin ɗaya bayan ɗaya, a nan na gano abin da ya faru. Maɓallan injin a kife suke. Namu na gida ɗaya, biyu, uku ne a sama. Wannan bakwai, takwas, tara ne a sama, kamar kalkuletan mai shago. Da na kalla sau ɗaya tak da na gani.

Na san kin hana. Sai na riƙa cirar kaɗan, wai don laifin ya zama kaɗan. Ashe kowace shiga da nata cajin, ni da nake ganin ina tattali ashe ɓarna nake ƙarawa. Ga kuɗin ruwa, abin da na yi rayuwata ina gudu, har na taɓa ƙin bashin faɗaɗa shago saboda shi, yau ni na ɗora miki shi a wuya. Sifana kuwa ko ɗaya ban saya ba. Tun ranar ma hanyar shagon na daina bi.

Wasiƙunki ina ganinsu. Suna nannaɗe a cikin ɗan akwatin makullin ɗakinmu a bayan kanta. Na san me ke ciki, shi ya sa na daina ajiye makulli, nake wucewa da sauri ina ɗaga wa matar hannu kamar mai uzuri. Dabarata ita ce a yi aikin tukuna, in rubuto miki albishir, in saƙa maganar katin a ƙarshe inda farin ciki zai rufe ta.

Yau da safe muka je asibiti. Innarki ba ta ci komai ba kamar yadda suka ce. Aka sa mata rigar asibiti da hular takarda, aka ɗiga mata magani, aka yi alama da biro a saman girarta ta dama. Ni na je kanta na miƙa baƙin kati. Ma'aikaciyar ta sa, ta girgiza kai. Ta goge shi a rigarta ta sake sawa, ta juyo mini da ɗan injin in gani da idona. Ta tambaya ko ina da wani. Na shiga lalube a aljihu, alhali na san babu, don kawai hannuna ya sami abin yi.

Sun ba mu lokaci har kusan azahar, daga nan aka kira na bayanmu. Ni na je na gaya mata. Ba ta tambaye ni komai ba, ta cire hular takardar ta ninke ta miƙa wa nas, ta ce in miƙo mata mayafinta. A ƙafa muka dawo, tana riƙe da hannun rigata, alamar biron tana nan a goshinta.

Da muka iso na karɓi wasiƙunki na karanta a tsaye. Kin yi daidai da kika rufe, ko ni ne abin da zan yi ke nan. Likita zai tafi farkon mako. Ba ni da bakin roƙonki, amma matata ce, ki duba abin da za a iya yi.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Na karanta wasiƙarka a banɗakin wurin aiki, don ban so a ga fuskata.

Ga abin da na yi. Baƙin katin ba ya buɗuwa, tunda ce musu na yi ina zargin sata. Amma kuɗin dangi suna nan a asusu, kati kawai injin ya ci. Matar masaukin, Allah ya saka mata, ta haɗa ni da ofishin kuɗi na asibitin, na tura musu kuɗin aikin kai tsaye. Sun ce za su roƙi likita ya ƙara Inna a ƙarshen layinsa na ranar ƙarshe, amma ba su yi alkawari ba. Ku je da sassafe ku zauna, kada ku tashi ko an ce ku tashi. Kuɗin kashewa kuma na tura da sunanka ta ofishin aika kuɗi, ka je da fasfonka da lambar da ke ƙasan takardar nan.

Yanzu nawa laifin. Kana cewa na yi daidai, ban yi ba. Na rufe kati ana gobe aiki ban tabbatar saƙona ya isa hannunka ba. Ina iya cewa matar ta hau sama ta ƙwanƙwasa muku ƙofa ta ba ka waya. Ban yi ba, saboda na riga na yanke maka hukunci a raina, kuma fushi nake yi.

Akwai wanda ya fi wannan. Ranar da na rufe katin na je gidan Mama, na tarar da Baffa Babba da Gwaggo a falo. Suka tambayi labarinku. Kawu, da bakin nan nawa na ce, "Kawu na can yana sayen sifana da kuɗin idon Inna." Layi ɗaya na gani a wasiƙarka na gina wannan a kai. Gwaggo ta sunkuyar da kai tana murza zobenta. Kai da ka goya ni a kan babur ka kai ni jarrabawa ranar da mota ta lalace, kai na faɗa wa haka a gaban manya.

Zan koma in janye maganata. Ina tunanin in ce musu banki ne ya yi kuskure, daga farko har ƙarshe. Ba wanda zai ji labarin injin daga bakina. Ka yafe mini.

'Yarka, Auta.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Ina gaishe ki da murna. An yi aikin. Mun zauna a benci tun buɗe ƙofa har yamma, likita ya fito ya riga ya cire safar hannu, ya ga Innarki zaune ta miƙe wuya, ya koma ya sa wata. Da aka cire bandejin, ni ta fara gani. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Ashe haka ka tsufa ba wanda ya gaya mini." Idon hagu sun ce sai wani zuwan, mun gode Allah.

Na yafe miki tun kafin in kai ƙarshen wasiƙarki. Mutumin da ya ƙi ɗaukar takarda a kanta ba shi da ikon jin haushin abin da aka zata. Amma kada ki ɗora wa banki. Ki karanta wa Baffa Babba da Gwaggo wasiƙata ta baya yadda take, har wurin maɓallan. Gara su yi mini dariya da su riƙa kallonki a matsayin wadda ta rufe kati ba dalili. Cajin da kuɗin ruwan kuma nawa ne, in na dawo za mu zauna.

Akwai abin da nake so ki sani, ke kaɗai. Jiya Innarki ta ce a fita da ita ta ga gari. Ta sa baƙin gilashin da suka ba ta, karo na farko ba ta riƙe mini riga ba. Tana ta karanta allunan shaguna da ƙarfi ko ba ta san ma'anarsu ba. Da muka zo daidai kantin maganin nan sai ta tsaya ta ce, "Wannan ne injin da ba kuɗi a ciki?" Na ce shi ne. Ta matsa ta leƙa maɓallan, sannan ta juyo ta faɗi lambobi huɗu a hankali. Auta, lambar shuɗin kati ce. Ina ji na gane ta.

Na ce, "A ina kika sani?"

Ta ce, "Ina zaune a kan tabarma ranar da Auta ta karanta maka. Ido ne ba ni da shi, Malam, kunnena lafiya lau."

Na ce, "To kina tsaye a gefena, me ya hana ki faɗa?"

Ta juya ta kalli injin. Sannan ta ce, "Tun a dannawa ta biyu na san ka ɓata, na ji yadda numfashinka ya canja. Na buɗe baki ke nan na ji mutumin nan ya yi gyaran murya a baya. Kai ke jana a titi tunda idon nan ya rufe. Ban so a ce a gaban mutane makauniya ce ta gyara maka ba." Ta cire gilashin ta goge, ta ce, "Da na cire hular nan a asibiti, kaina na zarga, ba kai ba. Shi ya sa ban tambaye ka komai ba."

Muka tsaya a gaban injin nan, tsoho da tsohuwa, kowa ya kasa kallon ɗan'uwansa, har wata mata ta tambaya ko muna kan layi ne.

Kuɗin hanyar da kika sake turowa mun karɓa yau. Lambar na rubuta a takarda da manyan baƙaƙe na ba Innarki ta ajiye. A ofishin ita ta karanta wa ma'aikacin da sabon idonta, ni ina gefe riƙe da jakarta.

Ki gaida Yaya. Ki ce mata famfon banɗakin ya koma ɗiga, na kira matar masaukin na ce ta nemo wanda ya iya.

Kawunki.